Garuba Maƙeri da Jan Dutsen Yaya Habibatu

Duk wanda ya taɓa kai wa Garuba Maƙeri aiki a Aboabo ya san hannunsa na da kyau, ya kuma san sai ransa ya ɓaci kafin ya karɓi kayansa. Ni na fi kowa sani, domin mijin yayata ne. Sunana Fadil, tasi nake ja tsakanin Aboabo da Oforikrom a nan Kumasi, kuma tun ina saurayi nake shan haushin mutumin nan, ga shi furfura ta cika mini gemu ban gama sha ba.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, a lungun da ke bayan masu gyaran babur, tsakanin wani tela da mai cajin waya. In ka leƙa za ka same shi duƙe kan wani tsohon teburi da wuta ta ƙone wa baki, gajere, siriri, da hular da ba ya canzawa sai ranar Juma'a. In ka yi sallama zai amsa, amma teburin yake amsa wa, ba kai ba.

Mahaifinsa Bazabarme ne, maƙerin baƙi, ya zauna a unguwar Race Course yana yi wa masu tura kaya da masu lodin motoci gyaran ƙarfe. A gindin zuga-zugi Garuba ya tashi, sai dai jikinsa bai taɓa yin ƙwarin ɗaga babbar guduma ba. Da uban ya gaji da faɗa, sai ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani ɗan Asante maƙerin zinariya, Wofa Adusei, ya ce ga shi nan, ko zai iya da ƙaramar guduma. Can ya yi samartakarsa. Ya koyi narki da jan waya da liƙi, ya koyi Twi, yaren Asante, har ya fi mu iyawa. Da ya dawo Zongo, cikinmu Musulmi, ya kafa nasa teburin, sai ya bar zinariya, tunda mazanmu ba sa sa ta, matanmu kuma ta Makka suke so. Ya koma azurfa: zoben hannu mai dutse, 'yan kunne, munduwa, gidan laya.

Ba malalaci ba ne. Daga masallacin asuba shago yake wucewa. Ba ya cin azurfar kowa, ba ya haɗa ta da wani ƙarfe a ɓoye. Ciwonsa ɗaya ne, amma ya isa: ba ya yarda aiki ya ƙare. Zai gama zobe tsaf, ya goge shi yana ƙyalli, ya ɗaga shi wajen haske, ya juya, ya sake juyawa, sai ka ga ya tsuke baki. Da ya tsuke bakin nan magana ta ƙare. Kafin mai kaya ya zo, zoben ya koma cikin kasko ya zama ruwa. In ka tambaye shi abin da ya samu zoben, zai ce akwai wani wuri da bai zauna ba. Wane wuri? Ba za ka gani ba, in ji shi, amma shi ya gani.

Zoben da na ba shi ya yi mini don aurena, ranar sunan ɗana na fari na fara sa shi, shi ma sai da na kai ƙararsa wurin limamin masallacinsu. Akwai wata Maame, 'yar Asante, mai sayar da atamfa a Oforikrom da ta zo ta tsaya a bakin shagon ta wanke shi tas, da Twi, da Hausarta mai ce wa namiji "ke", har masu gyaran babur suka ajiye sifana suka taru. Ya saurare ta har ta gama, ya ce "Yoo," wato "to" da Twi, ya ci gaba da gugar abin da yake guga. Ta rantse ba za ta sake taka lungun ba. Bayan ta karɓi 'yan kunnenta kuma ita ce ta dawo da ƙanwarta.

To, wannan mutumin Allah ya haɗa da yayata Habibatu, wadda duk Aboabo ba a yi mai sauri kamarta ba. Waakye, wato shinkafa da wake, take sayarwa a bakin titi kusa da tasha, kuma kafin hantsi ya yi zafi ta kankare tukunya ta kife. Tana zuba wa wannan, tana yi wa wancan faɗa don ya tsallake layi, tana aika a ƙaro mata ganye. Tukunyar nan ce ta riƙe gidan, ita ta yi wa 'yarsu Aziza makaranta har ta yi aure ta tafi Tamale. Duk shekarun nan kuwa ko ɗan kunne ɗaya na hannun mijinta ba ta da shi. In an je biki mata su yi ta tsokanarta, ga matar maƙerin fari da sarƙar da ta saya a kan tire a kasuwar Kejetia, wadda ke bar mata kore a wuya in ta yi zufa. Takan yi dariya ta ce ai gara haka, da ta jira nasa da yanzu ba ta huda kunne ba.

Da mahaifiyarmu, Mma Rafia, ta rasu, muka buɗe akwatinta na ƙarfe bayan sadakar arba'in. A ƙasan zannuwa, ƙulle a bakin wani tsohon ɗankwali, aka samu wani jan dutse irin wanda ake kira aƙiƙ. Daga zoben kakarmu ya faɗo, wadda ta zo Kumasi daga Salaga tana amarya. Zoben ya daɗe da ɓata, dutsen ne ya rage. Girmansa kamar kan babban yatsa, ja mai duhu kamar goron da aka tauna, gefe ɗaya da kauri, ɗayan kuma sirit. Yaya ta ce ita shi kaɗai take so, a raba sauran.

Washegari ta kai wa mijinta, ta ce ya yi mata kan sarƙa da shi. Ya ɗaga shi wajen haske ya daɗe yana kallo. Ya ce dutse ne mai kyau, amma wanda ya yanka shi bai ji tsoron Allah ba, bayansa ma ba a daidaice yake ba. Ya jefa shi cikin wani gwangwanin madara da ke kan kanta, ya ce za a yi.

Na farko ya yi shi gab da wata babbar Salla. Yaya ta gani da idonta, ta ma taɓa shi. Ya ce ta bari ya goge bayan, ta dawo da yamma. Da ta dawo dutsen yana cikin gwangwani shi kaɗai. Wai da ya ɗaga ya ga haske yana ratsawa tsakanin dutsen da azurfar ta gefen nan mara kauri. Na biyu ya yi shi don bikin Aziza. Kunnen da sarƙa za ta ratsa ne ya ɗan karkata hagu. Yaya ta aurar da 'yarta tilo da sarƙar aro a wuya. Ta daina yi masa magana har aka daɗe, ni nake kai masa abincin rana a shago, kuma wallahi mutumin nan ya cinye ya miƙo mini kwano ya ce in gaya mata yajin ya yi gishiri. Na uku bai ma kai ga dutse ba, ya ce azurfar da ya samu tagulla ta yi mata yawa. Daga nan Yaya ta daina tambaya. Dutsen ya zauna cikin gwangwani tare da karyayyun allurai, shekara ta bi shekara.

Ni na fara lura da idonsa. Ina ɗauke da shi za mu jana'iza a Tafo, gari garau, sai ya ce me ake ƙonawa haka hayaƙi ya cika hanya. Na ce babu wani hayaƙi. Ya ce to gilashin motata ne ban wanke ba, dama ni ƙazami ne. Da na gaya wa Yaya sai ta ce ta riga ni gani. Ya zuba shayi a gefen kofi ya ce teburin ne ya karkace. Ya daina karɓar aiki mai zane, wai ba shi da lokaci, sai zobba marasa ado da yake iya yi da lalube. Muka ce a je asibiti. Ya ce idon da Wofa Adusei ya hora ba ya buƙatar likita. Ya sayi tabarau wurin masu yawo da su a tasha, ya sa kwana biyu, ya ce na jabu ne, ya ajiye.

Wata rana na ɗauko ta daga sayen shinkafa, muna tsaye cikin cunkoso. Can ta ce, "Fadil, in idon nan ya tafi, dutsen Mma a gwangwani zai ƙare. Kuma mutumin nan ba zai yarda ba ya gani ba sai aikin da kansa ya gaya masa."

Na ce to me za ta yi. Ta ce in zuba ido.

Ta bar wa maƙwabciyarta Sherifa tukunyar waakye, abin da ba ta taɓa yi ba ko ranar da ta tashi da zazzaɓi. Ta ɗauki kujera 'yar tsugune da tiren wake, ta je ta zauna a bakin shagon tana tsinta. Garuba ya ce shago ba wurin zaman mata ba ne. Ta ce ai ba a shago take ba, a lungu take, lungu kuwa na gwamnati ne. Duk wanda ya zo da aiki sai ta tare shi da fara'a, ta ce Maigida na da wani aiki a hannu, a dawo wani sati. Tela ya daina kunna rediyo don kada wani abu ya wuce shi. Garuba ya yi fushi, ya yi faɗa da Twi, ya rufe shago ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba. In ya dawo ya same ta inda ya bar ta, ta gama wake ta shiga yankan albasa, yajin na shiga masa ido. Ni kuma aka mai da ni ɗan aike, in kai wa Sherifa kayan miya, in dawo in ji ƙorafin wannan, in ji na wancan, fasinja suna tsaye a titi wasu na kwashewa.

Ranar da ya gaji, ya fara da cewa babu azurfa mai kyau a gari yanzu. Yaya ta kwance bakin zaninta ta ajiye masa tsohuwar munduwar Mma a kan teburi. Ashe tun ranar rabon kaya ta roƙe ta wurin ƙanwarmu ta ɓoye. Ya ɗauka ya auna a tafin hannu, ya buga ta a kan ƙarfe ya saurari ƙararta. Ya sauko da gwangwanin.

Ya sare munduwar gunduwa-gunduwa ya narka a ɗan kaskonsa da wutar gas, ya zuba a wani ramin ƙarfe ta daskare kamar ɗan yatsa. Sai a murza ta ta zama falle, shi kuwa ba shi da injin murzawa, sai wurin wani abokinsa a Race Course. Ni na kai shi. Muka kutsa ta cunkoson Kejetia, aka murza, muka kamo hanya, mun kusa gida ya shafa fallen tsakanin yatsunsa ya ce ya yi kauri, mu koma. Na ce ba zan koma ba. Ya ce to in sauke shi ya hau pragya, keken nan mai ƙafa uku. Na san in na sauke shi mota za ta kwashe shi wajen tsallaka titi, Yaya kuma ta kashe ni. Muka koma. Wunin ranar ko fasinja ɗaya ban ɗauka ba, kuma da muka iso bai ce mini sannu ba, cewa ya yi birkina yana kuka.

Duk da haushin da nake ji, sai da na tsaya kallon hannunsa. Ya yanko siririn falle ya naɗa shi a jikin dutsen ya zama bango, yana bi da babban yatsa, ya rage nan, ya ƙara lanƙwasa can, fuskarsa na kallon rufi. Ya haɗe bakin bangon. Ya yanko wani falle mai faɗi wanda zai zama gindi. Ya riƙa goga ƙasan bangon a kan takardar yashi har ya zauna a kan gindin ba ya motsi. Duk wannan yatsunsa sun san shi, ba su tambayi ido ba. Yaya tana daga ƙofa tana leƙe, tana cewa ya yi kyau haka, shi kuma yana cewa ba a tambaye ta ba.

Liƙi ne ba a yin sa da lalube. Ana shafa wani farin ƙulli a mahaɗar, a jera 'yan mitsi-mitsin sinadarin liƙi a cikin bangon, a riƙa zagayawa da wuta har su narke su bi mahaɗar su kama. Tsakanin narkewarsu da narkewar aikin gaba ɗaya ɗan lokaci ne ƙalilan, kuma ido ne kawai ke gane shi. Na zo ɗaukar Yaya ke nan da la'asar na same shi ya kunna wuta. Ya kusantar da fuska har ina tsoron gemunsa. Ya yi ta zagayawa, ya yi ta zagayawa. Ni da ban san komai ba na ga wani abu ya yi ƙyalli ya wuce, amma shi bai ɗauke wutar ba. Sai gefen bangon ya yi laushi ya zube kamar kyandir.

Ya kashe wuta. Ya ɗauki abin da hantsaki ya tsoma a ruwa, ya shafa, ya ji inda ya zube. Ya ce gas ɗin yanzu ba shi da kyau, suna haɗa shi da iska. Na jira Yaya ta fashe, domin na san bakinta. Ta bari ya gama. Sannan ta ce, a hankali, "Gas ɗin ne, Baban Aziza?"

Ya daɗe yana juya abin a hannu. Ya ce, "Ban ga gudun liƙin ba."

Ya rufe shago, na kai su gida, kowa na kallon tagarsa.

Washegari kujerar Yaya ta shiga cikin shago, kuma ba wanda ya ce shago ba wurin mata ba ne. Ya sake yanko bango daga ragowar fallen, ya sake naɗawa, ya sake gogawa. Da aka zo liƙi ya sa aka tura ƙofa rabi don wurin ya yi duhu a ga launin ƙarfe. Ya yi mata bayani kamar mai yi wa ƙaramin yaro: farin ƙullin zai kumbura ya yi kumfa, sannan ya kwanta ya zama kamar gilashi, azurfar za ta fara ja kaɗan, daga nan 'yan gutsattsarin za su yi ƙyalli kamar ruwa su zagaya. Da ta ga sun zagaya ta faɗa masa, ba kafin nan ba, ba bayan nan ba. Ita ce ma ta jera gutsattsarin da hantsaki, yana ta mita wai hannunta ya saba da ludayi.

Ya kunna wuta. Kumfa na kwantawa ta ce ya yi. Ya ɗauke, ya bari ya huce, ya taɓa, bangon ya faɗo gefe. Ya ce ashe ita ma ba ta gani, makafi biyu ne a shagon. Ta ce ita tun kafin ya san ta take kallon wuta, kuma ba ta taɓa ƙona tukunya ba. Ya ce azurfa ba wake ba ce. Ta ce gaskiya ne, wake yana ciyar da gida. Na fita na tsaya wurin tela, domin in na yi dariya a ciki duka biyun za su dawo kaina.

Da na koma sun wanke sun sake jerawa, kawunansu a haɗe kan bulon da ake liƙi a kai, shi da wuta, ita ta riƙe mayafinta da hannu ɗaya kada ya kama. Tana faɗa masa abin da take gani: ya yi kumfa, ya kwanta, ya fara ja ta wajenka, ta wajena bai yi ba. Ya karkato da wutar wajenta. Can ta ce, "Ya gudu. Ɗauke." Ya ɗauke. Ya jefa shi cikin ruwan lemun tsami da gishiri mai ɗumi, baƙin wuta ya fita ya bar shi fari fat. Ya bi mahaɗar da farce ko'ina, ciki da waje. Bai ce ya yi kyau ba. Ya ce ba laifi, ya miƙa hannu ya ɗauki magagari.

Sauran aikin ya ci wasu kwanaki, kuma kowace gaɓa sai an yi gardama. Ya datse gefen gindin ya goge ya bi siffar bangon. Aka liƙa kunnen da idon Yaya, ya rataya abin a zare ya bar shi yana lilo, yana tambayarta ko ya miƙe, tana cewa ya miƙe, yana cewa ta faɗi tsakaninta da Allah. Ya kira tela ma ya duba, ya kira ni, sannan ya ce dukanmu bakinmu ɗaya. Saboda gefen dutsen mara kauri, ya yanko ɗan siririn azurfa ya shimfiɗa a ciki ta wannan gefen, ya sa dutsen, ya cire, ya rage, ya sake sawa, har ya zauna daram ba ya rawa. Daga nan ba sauran wuta, domin wuta tana fasa dutse. Ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai santsi da ya ƙera da kansa daga bawul ɗin babur, ya fara kwantar da bakin bangon a kan dutsen, ya danna nan, ya juya ya danna kishiyarsa, ya bi ko'ina a hankali har azurfar ta rungume shi.

Ana gab da gamawa ƙarfen ya zame masa. Ɗan karce ne a jikin bangon, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ni ban gan shi ba sai da aka nuna mini. Shi ma ba gani ya yi ba, farcensa ne ya faɗa ciki. Na ga ya tsuke baki. Hannunsa ya tafi wajen 'yar wuƙar da yake ɓamɓare dutse da ita.

Yaya ta ɗora tafinta a kan abin ta rufe.

Ya ce ta ɗaga, gyara kawai zai yi. Ta ce ta san irin gyaransa. Ya ce bayan ma bai goge ba, ba a sa abu haka, mutane za su ce Garuba ya tsufa. Ta ce ai ya tsufa, ita ma ta tsufa, abin da take ta gaya masa ke nan.

"Munduwar Mma ce, dutsen kakata ne, idona ne," in ji ta. "Hannu kaɗai ne naka, kuma ya gama aikinsa."

Ta tashi ta leƙa wurin tela ta karɓi baƙin zare mai kauri, ta zura, ta ɗaura a wuya tun a lungun, ta ɗauki kujerarta ta miƙa mini. Garuba ya biyo mu har bakin titi yana cewa za ta zubar masa da suna a Zongo. Ta shiga mota ta ce in ja.

A gida bai bar maganar ba. Yau ya ce ta kawo ya ɗan shafa masa alli, gobe ya ce zaren zai yanke ta bari ya riƙe mata har ya yi sarƙa. Ba ta cire shi ko wajen wanka. Asibiti kuwa, tunda a gabana ya faɗi abin da ya faɗa, bai sami hanyar zillewa ba, ko da yake ya gwada. Ni na kai shi. Ya yi gardama da mai rubuta suna, ya yi da mai ɗiga magani, ya gaya wa likita fitilar da yake haska masa ido ba a ɗaure ta daidai ba. Likita ya ce yana ce ta rufe idanun, za a cire, ɗaya bayan ɗaya. Aziza ta taso daga Tamale ta yi jinya.

Ranar da aka buɗe masa idon farko, ya dube ni sama da ƙasa ya ce yaushe na lalace haka ba wanda ya gaya masa. Ya dubi Aziza ya ce ta rame. Sannan ya juya wajen matarsa ya kai ido wuyanta. Babu komai sai mayafi. Ta ce ta ba Aziza aro, yana cikin jakarta, jakar kuma ta riga ta tafi tasha, za ta sa shi bikin dangin mijinta. Yaushe zai dawo? In an gama bukukuwa, in ji ta, kuma dangin mijin Aziza suna da yawa. Ya yi ta faɗa daga asibiti har Aboabo, da filasta a fuska, wai an haɗe masa kai har da 'yar cikinsa.

Sai da aka yi ido na biyu ya warke, aiki ya sake taruwa masa, sannan kan sarƙar ya dawo Kumasi. A lokacin matan unguwa da suka gan shi a wuyan Yaya kafin ya tafi sun fara kawo nasu duwatsun, na gado da na tsaraba. Yanzu in ta kife tukunya da hantsi sai ta biya ta lungun, ta duba abin da ya kusa ƙarewa, ta zauna har a gama, ta ƙulle a bakin zani ta kai wa mai shi da kanta. Yana kiran wannan fashi da rana tsaka. Wasu ayyukan har yanzu yana riga ta, ta zo ta tarar sun koma kasko.

Kwanan baya na ɗauke su za mu suna a Oforikrom, su biyu a baya. Ta madubi na ga ya karkata yana ƙura wa wuyanta ido, bakin nan ya fara tsukewa. Ba ta ko dube shi ba, ta ja mayafi ta rufe. Ya gyara zama ya ce shi hanya yake kallo. Sannan ya taɓa kafaɗata ya ce na bi ta inda ya fi nisa, da na tambaye shi da tuni mun isa.